Tukunya ɗaya muke ci, ta yaya zan rage gishiri?

Maman_Ikram_Taura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Wata biyu ke nan na je asibitin garinmu saboda ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Malamar ta auna ni ta ce jinina ya hau, 168 bisa 102. Ta ce in dawo bayan sati, na dawo aka samu 160 bisa 100, sai aka ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum da safe. Na hau sikeli kilo 94, ni kuwa ba doguwa ba ce. Shekarata 41, haihuwata takwas. Ta ce in rage gishiri, in rage magi, in rage mai, in rage jiki. Na ce to. Amma tun a bayan mashin nake lissafi, mu goma sha bakwai ne muke cin tukunya ɗaya, ni da abokiyar zamana da yaranmu da surukarmu. Kwana bibbiyu muke girki. Ko ranar girkina na ɗan rage gishiri sai maigida ya ce miya ta yi lami, balle ranar da ba ni ce da wuta ba. Yaya mace za ta yi? Sannan wata maƙwabciyarmu ta ce in ajiye ƙwayar in koma shan zoɓo kawai, wai ya fi. Gaskiya ne?

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya. Ni abu ɗaya zan roƙe ki, kada ki ajiye ƙwayar nan saboda maganar maƙwabciya. Sauran bari masu sani su zo.

Yar_Haɗejia:
Sannu 'yar uwa. Amma fa ki duba zuciyarki. Mace ga kishiya ga suruka a gida ɗaya, ina jini ba zai hau ba? Hawan jini tunani ne, ba gishiri ba. Kakanninmu da gishiri da kanwa suka rayu har suka ga tattaɓa-kunne.

Maman_Ikram_Taura:
A'a Yar Haɗejia, kada in ɗauki alhakinta. Ita ce ma ta raka ni asibitin, ita ta riƙe mini goyo har aka gama. Muna saɓawa kamar kowa, harshe da haƙori ma suna yi, amma ba ita ce ciwona ba. Innarmu da hawan jini ta rasu, kuma ita kaɗai ce a gidan Baffa har ta koma ga Allah.

Malama_Nas:
Maman Ikram sannu da jiki. A ƙaramin asibiti nake aiki a yankin Gumel, da wuya rana ta fito ta faɗi ban ga irinki ba. Yar Haɗejia, damuwa tana ɗaga jini, ban musa ba, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai gado, ga shi ita da kanta ta faɗi na mahaifiyarta. Akwai shekaru, akwai nauyin jiki, akwai gishiri. Duk wadda aka auna sau biyu a ranaku daban aka samu 140 bisa 90 ko fiye, tana da shi, ko tana jin ciwon kai ko ba ta ji. Yawanci ma ba a jin komai, shi ya sa ake ce masa mai kisan mummuƙe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma har da wanda ke ɓoye cikin burodi da yaji da indomi. Dunƙule ɗaya kusan rabinsa gishiri ne. To ki ƙirga nawa kuke murƙushewa a tukunya, sannan a zuba gishiri, sannan a barbaɗa farin magi, sannan a kawo yaji shi ma da nasa.

Batun kakanni kuwa, su ba su san dunƙule ba, daddawa suka sani. Ba su san lemon kwalba ba. Kuma a zamaninsu ma ana yanke jiki a faɗi, baki ya karkace, sai a ce iska ce ta buge mutum. Babu mai awo ne kawai.

Goggon_Yara:
Bari in gaya miki yadda nake yi, don ni shekara shida ke nan ina fama, kuma gidanmu ya fi naku yawa. 'Yar ƙaramar tukunya na saya tawa ta kaina. Idan an soya jajjage an tsaida ruwan miya, kafin a jefa gishiri da dunƙule sai in sa ludayi in ɗebi biyu in zuba a tawa, in ɗora ta a gefen murhu kan garwashi. In daka daddawa da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan kimba, in zuba, in ƙara garin busasshen kifi idan akwai. Gishiri kuwa abin da yatsu biyu suka ɗanko. Sai in kaɗa kukata ko kuɓewata. Tuwo dai na gida ne, ba ruwansa da gishiri, sai dai na koma malmala ɗaya maimakon biyu, miyar kuma in cika ta da ganye.

Ba zan yi miki ƙarya ba, sati ukun farko kamar ina cin kwali. Har hawaye na yi wata rana ina jin ƙamshin tasu. Amma harshe yana sabawa. Bayan wata biyu na je suna a Ringim aka zubo mini shinkafa da miya, loma biyu na yi na ture, ji na yi kamar an juye mini kwanon gishiri a baki, su kuwa sai santi suke yi.

Ranar da ba girkinki ba, ki kai mata tukunyar da hannunki ki ce don Allah ta ɗebar miki kafin ta sa. Tunda kin ce kuna zaman lafiya ba za ta ƙi ba.

Uwar_Biyu_Bichi:
Goggo dabararki ta yi, sai dai wasu tun a jajjage suke watsa gishiri da magi, kafin ruwa ya shiga. Tamu haka take yi, ta ce wai sai ya soyu da mai yake kama miya.

Goggon_Yara:
To sai a ɗebi jajjagen ɗanyensa tun daga turmi. Mai nema ba ya rasawa.

Baba_Mai_Riɗi:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Maigidan nan da ya ce miya ta yi lami, a ajiye masa gishiri da yaji a gefen kwanonsa mana, ya zuba abinsa. Ni haka aka yi mini da uwargidana ta kamu. Na yi ƙorafi kwana biyu na haƙura. Da aka auna ni daga baya ashe ni ma nawa ya fi nata hawa.

Hajiya_Kaka:
Ni abin da ban gane ba, Malama ta yi maganar gishiri ba ta ce komai kan kanwa ba. Ai an ce kanwa wanke ciki take yi, har tana sauke jini.

Malama_Nas:
Hajiya barka da yamma. Kanwa 'yar uwar gishiri ce. Abin da ke ɗaga jini a cikin gishiri sunansa sodiyam, kuma shi ne ya fi yawa a kanwa, ko ja ko ungurnu. Yana riƙe ruwa a jiki, jijiyoyi su cika, zuciya ta yi ta bugu da ƙarfi. Don haka mai hawan jini ta rage ta a wake da ɗanwake da miyar kuɓewa. Wake idan aka jiƙa shi tun dare zai nuna ba sai da kanwa ba.

Hajiya_Kaka:
To kunun kanwar jego fa? Goma sha ɗaya na haifa, kowanne sai da na yi arba'in ina sha ina wanka, ga ni nan garau. Yaran yanzu komai a ce likita ya hana.

Ummu_Hanifa:
Hajiya Allah ya ƙara miki lafiya, amma ba kowa ke dacewa ba. Ƙanwata a haihuwarta ta uku, tun da ciki ƙafarta ke kumbura, aka ce ai namiji za ta haifa. Ta sauka lafiya, aka kama ta da kunun kanwa safe da yamma, ga ruwan zafi. Kafin arba'in ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi sama-sama, ƙafa kamar turmi. Sai da muka kwana goma sha biyu a asibiti a Kano, aka ce zuciya ce ta kumbura. Likitan ya ce tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa, har suka ambaci kunun kanwa da kwanciyar gadon wuta. Ni ban ce kowa ta daina jego ba, amma wadda aka ce jininta ya hau da ciki, kunun gyaɗa ko na tsamiya ya wadatar.

Yar_Haɗejia:
Mun bar Maman Ikram da tukunyarta mun tafi jego.

Maman_Ikram_Taura:
Ai ina karantawa, duk ya shafe ni. Autata shekararta biyu, kuma kunun kanwa na sha shi har na gode Allah. Amma batun rage jiki fa? Wallahi ni ban taɓa ɗaukar jikina ciwo ba. A garinmu idan mace ta yi ɓul-ɓul cewa ake mijinta ya iya kiwo. Idan na rame gobe surukata ce za ta fara tambaya ko wani abu aka yi mini.

Amaryar_Bara:
Anti wannan magana taki ta taɓa ni. Bari in tona wa kaina asiri ko wata za ta amfana. Kafin bikina an yi ta yi mini gorin rama, wai amarya kamar sillen kara. Wata ƙawata ta kai ni wani kemis aka haɗa mini sha-ka-fashe, ƙananan ƙwayoyi da wani na ruwa mai sa ci da barci. Wata uku na yi ina sha. Fuska ta yi fam kamar fanke, ciki ya fito, nankarwa ta feso mini a cinya da hannu, kowa na cewa amarya ta yi kyau. Da na je awon ciki na farko aka ce jinina 150 bisa 95, ina da shekara 22. Da na nuna musu ƙwayar suka ce deksa ce.

Malama_Nas:
Allah ya saka da alheri da kika faɗa. Deksametason magani ne mai ƙarfi da ake ba masu asma da wasu cututtuka na ɗan lokaci. Ƙibar da yake sawa ruwa ne da kitse, yana ɗaga jini, yana jawo ciwon suga, yana cinye ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, ta je asibiti a rage mata a hankali, don yankewar ma haɗari ce. Haka haɗin ciwon jiki da na gwiwa da ake ƙullawa a leda, yawanci akwai diklofenak ko ibufurofen a ciki, su ma suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda.

Maman Ikram, ba cewa aka yi ki koma sillen kara ba. Ko kilo 5 zuwa 8 kika sauke za ki ga canji, don kusan duk kilo ɗaya da ya tafi yana tafiya da maki ɗaya na awon sama, wato lambar farko ta awon jini. Idan babu sikeli kusa, ari tef ɗin tela ki auna cikinki daidai cibiya. Ga mace idan ya wuce inci 35 to kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuma mai illar, ba na ƙugu da cinya ba.

Ɗan_Kura:
Gaskiya ɗaya ce, matan yanzu hutu ya yi muku yawa. Iyayenmu su yi surfe, su yi daka, su yi niƙa a dutse, su ja ruwa a rijiya gaba goma. Yanzu komai inji, ruwa ɗan garuwa, sai kwanciya da waya.

Uwar_Biyu_Bichi:
Malam Ɗan Kura zo ka karɓi girkin mutum goma sha bakwai na kwana biyu, da wanki da wanke-wanke da raino, sai mu ga mai hutu. Ku da kuke wuni a gindin bishiya kuna shan shayi mai suga rabin kofi.

Ɗan_Kura:
Ni a fadama nake wuni cikin tumatir, Hajiya. Amma na janye.

Tela_Mai_Zare:
Ku bar shi, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa ko da bai iya faɗa ba. Ni aikina ɗinki, daga safe har la'asar ina zaune, kuma ba na fita sai da dalili. Gajiya ina yi, amma gajiyar zama ce. Da aka ce mini in riƙa tafiyar minti 30 sau biyar a sati na ce ina zan je, mace a kulle? Sai na mai da tsakar gida hanyata. Ina idar da asuba, kafin yara su tashi, in ɗauki carbi in yi ta zagaye daga bakin zaure zuwa rumbu zuwa turken awaki in dawo. Azkar ɗina na safe duk a tafe nake yin su. Da farko zagaye goma nake haki, yanzu sai rana ta fito. Kishiyata har leƙe take ta taga, ta ɗauka wani abin nake binnewa, yanzu tare muke yi. Na kuma dawo da surfen gero da hannuna ranar da za a yi kunu. Zanen da ba ya zagaye ni yanzu har da saura.

Baƙuwa_Daga_Nesa:
Ni 'yar Kazaure ce amma aure ya kai ni Amurka. A can ma baƙaƙen fata sun fi kowa fama da hawan jini, yana kama su da wuri kuma ya fi yi musu illa, matansu kuma ga ƙiba. Akwai tsarin cin abinci da ake koya musu, DASH, wanda aka fitar da sakamakon bincikensa a 1997, kuma an ga ya fi sauke jinin baƙar fata. Ba wani abu ba ne illa yawan ganye da 'ya'yan itace da wake da gyaɗa da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba da nono marar maiƙo, a rage gishiri da zaƙi da jan nama. Dariya nake idan na ga kuɗin da ake sayar da garin zogale da na kuka a kantunansu cikin 'yar leda. Mu ga shi a bayan ɗaki. Kwaɗon zogale, rama, tafasa, yakuwa, kabewa, dankali, fura da tsala ba suga, gwaiba da kankana a lokacinsu.

Yar_Haɗejia:
Hajiya 'yar Amurka, a bayan ɗaki da damina. Zo ki gani a watan bazara, ganye sai busasshe, kuɗin cefane kuma sai abin da aka miƙo. Garau-garau da mai da yaji shi ne mai araha, shi ke cika cikin yara.

Goggon_Yara:
Busasshen ma ai ganye ne. Ni da kaka nake shanya zogale da rama a inuwa in cika buhu. Garau-garau kuma ki rinjayar da wake a kan shinkafa, mai cokali ɗaya, ki daka yajinki daban ba magi. Ƙuli-ƙulin kwaɗo ne dai sai an lura, masu yi suna zuba masa gishiri.

Manomin_Maigatari:
Ba wanda ya amsa mata batun zoɓo sosai. Mu nan muke noma shi, duk Alhamis ana loda shi a mota a kasuwarmu har ƙasashen waje. Turawa ba za su saye shi a banza ba, magani ne.

Malama_Nas:
Malam zoɓonku yana da amfani, an gwada an ga yana ɗan sauke jini idan ana sha kullum. Amma ɗan kaɗan ne, ba zai sauko da mai 168 zuwa inda ake so ba. Kuma wanda ake ƙullawa a leda suga ya yi masa yawa, wannan ƙiba zai ƙara. Ta dafa nata da citta da kanumfari, ba suga, kofi ɗaya ko biyu, tare da ƙwayarta ba a madadinta ba, kuma ta gaya wa mai duba ta tana sha. Mai ciki ta bari sai ta tambaya.

Maman Ikram, wace ƙwaya aka ba ki? Ina tambaya ne don har yanzu kina iya samun ciki. Irin su lisinofiril ba a shan su da ciki, suna illa ga jariri. Da kin ga batan wata ki koma a canza miki.

Maman_Ikram_Taura:
Na sa Ikram ta karanta mini kwalin, amlodifin ne, 5 aka rubuta.

Malama_Nas:
To madalla, yana cikin waɗanda suka fi karɓar jikin baƙar fata. Wani babban gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka shida har da Najeriya, aka fitar a 2019, ya nuna haɗin magani mai amlodifin a ciki ya fi sauke jini. Wasu yana sa musu kumburin idon sawu, idan kin gani ki faɗa, kada ki daina da kanki. Duk da haka maganar ciki tana nan, ki sanar da su. Kuma tunda damtsenki da kauri, ki ce a sa miki babban maɗauri wajen awo, ƙarami yana ƙara lamba.

Marainiya_Rano:
Ni dai ina roƙon ki da Allah kada ki bi ta maƙwabciya. Innata haka aka yi da ita. Ta sha magani wata huɗu ta ji garau, ta ce ta warke, kuɗin ma gara a sayi hatsi. Ta koma jiƙon tafarnuwa da wani garin da mai lasifika ke tallansa ranar kasuwa. Wata safiya tana alwala buta ta suɓuce daga hannunta, muka ɗauka santsi ne. Shekara uku tana kwance ɓarin dama ba ya motsi, mu juya ta mu share ta, magana sai da ido. Abin da muka kashe a wata ɗaya ya fi kuɗin ƙwayar shekara biyu.

Hajiya_Kaka:
Allah ya jiƙanta ya sa kaffara ce. Ni ma jikata ta matsa sai an auna ni ranar Juma'a idan mun shiga Wudil. Amma kununa ba zan fasa ba.

Amaryar_Bara:
Malama idan azumi ya zo fa, yaya ake shan ta safe?

Malama_Nas:
Mai sau ɗaya a yini yawanci ana mai da ita sahur ko bayan shan ruwa, amma ki je kafin watan ya kama a tsara miki, musamman idan akwai mai sa fitsari a ciki.

Maman_Ikram_Taura:
'Yan uwa na gode, Allah ya bar zumunci. Na dawo in ba ku labari. Na yi wa abokiyar zamana magana ta ce ba komai, jiya ma ita ta tuna mini in kawo tukunyar. Maigida an ajiye masa gishirinsa a murfin kwano kamar yadda Baba Mai Riɗi ya ce, ya kalle shi ya kalle ni bai ce uffan ba. Matsalar surukata ce. Ta ga 'yar tukunya a gefen murhu ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an raba miya a gidan nan ba, ko ƙyamar girkin 'yar uwata nake yi? Na yi bayani har na gaji. Ta ce ita ma kanta na ciwo kullum ba ta raba tukunya ba. Ina so in lallaɓa ta mu je a auna ta, ban san ta inda zan ɓullo mata ba.

Goggon Yara, ɗanwake fa? Na gwada kwaɓa nawa ba kanwa ya fito da tauri, ko Ikram da ba ta zaɓen abinci ta ƙi ci.

Goggon_Yara:
Ɗanwake kam ni ma ya gagare ni. Ki ƙara kuka ki sassauta kwaɓin, zai ɗan yi dama-dama. Ni dai na mai da shi na ranar Juma'a kawai, ƙwaya goma, in cika kwanon da kabeji da tumatir. Surukar kuma ki bar ɗanta ya yi mata magana, ke ba za ta ji daga bakinki ba.

Uwar_Biyu_Bichi:
Ɗan da shi ma bai yarda a auna shi ba?